Tsagar Gidansu

Shekara talatin Inna Hansatu na haɗa humra a Garwa,
hancinta ne mudunta, shi ne sikelinta.
Tun daga zaure take gane sandal na gaske,
ta ce wa dillali, "Kwashe kayanka, Jatau,
wannan an jiƙa shi da ƙarya."

Sai wata Laraba farce ya ƙone a kasko.
Ƙauri ya tsallaka katanga, maƙwabta suka leƙo,
ita tana gefe tana tsince shinkafa.

Muka ce mura ce.
Mura ta ci damina, ta zarce kaka.
Ƙofar hanci ta dama ta toshe,
haɓo ya koyi zuwa da asuba ba sallama,
ɗigo uku a bakin mayafi, ta ninke ta ɓoye.
Mun shaƙa tazargade, mun yi sirace,
wani a kasuwar Pitowa ya karɓi jaka biyu, ya ce iska ce.

Dokta Hamajoda ya zura siririn haske,
ya daɗe bai ce komai ba.
Ya tsinko tsoka, ba ta kai ƙwayar wake ba,
aka binne ta a kaki, aka rufe a ambulan.
Ni na kai tasha,
na ga direba ya cusa ta saman buhun albasa,
ɗan abin da aka ɗiba daga uwata, ya kama hanyar Yawunde.

Kwana goma sha tara.
Binuwai ta ja baya, yashi ya fito.
Inna na cin tuwo kamar mai biyan bashi.

Ran da takarda ta iso ya juyo mana hoton.
"A ƙarƙashin madubi," in ji shi, "duk kamarsu ɗaya,
ƙanana, shuɗɗa, sun cunkushe,
kamar baƙi a tasha kowa ya ja rawani.
Cututtuka da dama na sa wannan riga,
kowacce kuwa da hanyar maganinta.
Dole a yaye fuska a duba tsagar gidansu."

Don haka aka yi ta ɗiga musu rini,
kowane ɗigo kiran suna ne.
Aka kira 'yan fata da keratin: shiru.
Aka kira dangin jini: ko tari.
Aka ce sinaptofizin,
sai fili ya rine kamar lallen da ya kwana.
Kuromogiranin ma ya amsa, a tsittsinke.
Na ƙarshe, mai suna kamar lambar mota, Es-ɗari,
bai shiga tsaka ba,
gefe ya bi ya kewaye su kamar danga.

"Ƙari ne na jijiyar jin ƙamshi,
can a rufin hanci,
inda ƙashi mai ƙofofi kamar rariya
ya raba numfashi da ƙwaƙwalwa.
Ban taɓa ganinsa ba sai a littafi.
Amma yanzu mun san wa za mu fuskanta."

Na jira ta yi kuka.
Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce,
"Ashe ɗan gida ne.
Wanda ya ciyar da ku, shi ya kwanta."
Sannan ta tambayi kuɗin mota.

Daren da za mu tafi aka ɗauke wuta.
Ta sa na jero kwalabe a tabarma,
ta lalubo ɗaya, ta buɗe, ta miƙo.
"Kawo hancinki, Azumi. Me kika ji?"
Na ce, "Wani abu mai ɗumi, da ɗan ɗaci a baya.
Ban san sunansa ba."
Ta ce, "Yana da suna. Kowa na da shi.
Kada ki yi sauri.
Sake shaƙa."